Akin Mabogunje: Haifaffen Kano Da Ya Ƙarar Da Rayuwarsa Kan Birane Da Talakawansu

A ranar 18 ga Oktoba, 1931, aka haifi Akinlawon Ladipo Mabogunje a Kano. Iyayensa Yarabawa ne, 'yan asalin Ijebu-Ode, waɗanda neman abinci ya kawo Arewa a zamanin da kasuwar gyaɗa ke tashe. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 2022, yana da shekara 90 a duniya. A tsakanin haihuwarsa da rasuwarsa ya zama farfesan ilimin labarin ƙasa na farko a Nijeriya, ya shugabanci ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ya kuma sa hannu a manyan ayyukan da suka sauya fuskar ƙasar nan. Yawancin mutanenmu ba su san sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa taka Abuja, ko ya ajiye kuɗi a bankin al'umma, ko ya yi zarya a ma'aikatar filaye yana neman takardar gidansa, to ya ratsa ta wurin da Mabogunje ya yi gumi a kai.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a ba da shi dalla-dalla shi ne aƙidar da ya riƙe tun yana matashin malami har ya tsufa. A wajensa, gari mutanensa ne da irin tsarin da suka yi wa kansu na zaman tare. Duk wani shiri na raya birni ko ƙauye da aka yanko daga ofis, aka ɗora wa jama'a ba tare da an nemi sanin yadda suke tafiyar da al'amuransu ba, ƙarshensa rushewa ne ko ya zama wahala ga talaka. Wannan magana ita ya yi ta maimaitawa, a littafi da a zauren gwamnati da a gaban sarakuna.

Kanon da ya buɗe ido a cikinta

Kanon shekarun 1930 gari ne mai fuska fiye da ɗaya. Akwai tsohon birni a cikin ganuwa, wanda tarihi ya nuna an fara kewaye shi tun zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa shi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda kuma ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Cikin birnin nan kowace unguwa da mai unguwarta, kowace sana'a da sarkinta, ga marina, ga majema, ga maƙera, ga fatake masu zuwa daga Agadas da Gwanja da Barno. A waje kuma ga Fagge, masaukin baƙi tun asali, ga Nasarawa inda Turawa suka yi wa kansu gidaje masu fili da itatuwa, sannan ga Sabon Gari, wanda aka yanka bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu.

Turawan mulkin mallaka ne suka raba garin haka da gangan, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da rabon. Titi mai kyau da famfo da magudanar ruwa sukan fara ne daga inda Bature yake, su ɗan taɓa inda ma'aikatansa suke, tsohon birni kuwa sai abin da ya samu. Cikin wannan yanayi yaron ya fara makarantar firamare, kafin a mayar da shi Ibadan ya ci gaba da karatu. Can ma abin da ya tarar bai bambanta sosai ba: tsohon gari mai cunkoso a kewayen tudun Mapo, ga Sabo inda Hausawa masu cinikin goro da shanu suke zaune da sarkinsu, ga unguwar Turawa can gefe. Wanda ya tashi a Sabon Garin Kano ya kuma ga Sabon Ibadan ya san abin da ake nufi da zama baƙo a birni, ta fuskoki biyu.

Ya yi sakandare a Ibadan Grammar School, ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarunta na farko, sannan ya wuce Landan inda ya yi digirinsa a fannin labarin ƙasa. Ya dawo Ibadan ya fara koyarwa a 1958. Digirin digirgir ɗinsa, wanda ya kammala a 1961, a kan birnin Legas ya yi shi. A 1965 ya zama farfesa, yana da shekara 34 ko ƙasa da haka kaɗan.

Littafin da ya sauya yadda ake kallon biranenmu

A lokacin da Mabogunje ya fara rubutu, ra'ayin da ya yi rinjaye a jami'o'in Turai shi ne birni na haƙiƙa Bature ne ya kawo shi Afirka. Garuruwa irin su Ibadan ko Oyo, a ganin wasu marubutan, manyan ƙauyuka ne kawai, tun da yawancin mazaunansu manoma ne. Ya fara mayar da martani da ɗan ƙaramin littafi kan garuruwan Yarabawa a 1962, sannan a 1968 ya fitar da babban aikinsa, Urbanization in Nigeria, wanda har yau ɗaliban tsara birane a ƙasar nan ba su rabu da shi ba.

A cikin littafin ya bi tarihi ya nuna cewa ƙasar Hausa da Barno da ƙasar Yarabawa sun daɗe da birane kafin zuwan Turawa. Kano da Katsina da Zariya sun girma ne a kan cinikin Sahara da sana'o'in hannu da ƙarfin sarauta, suna da kasuwanni da dokokin ciniki da tsarin karɓar baƙi. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, adadin da kan ƙaru sosai lokacin rani idan ayari ya sauka. Wannan ba ƙauye ba ne ta kowane ma'auni.

Abin da mulkin mallaka ya yi, in ji nazarin, shi ne juya akalar ciniki daga Sahara zuwa bakin teku. Garin da layin dogo ya bi ta kansa ya bunƙasa, wanda ya kauce masa ya koma baya. Kano ta ci moriya, Katsina da jirgi bai je ba ta yi sanyi, sababbin garuruwa irin su Kaduna da Jos da Inugu da Fatakwal suka tashi cikin ƙanƙanin lokaci. Kayan masana'antun Ingila suka karya masaƙa da maƙera, sai tsofaffin birane suka cika da mutanen da sana'arsu ta mutu amma ba su da wata.

Ya kuma lura da wani abu a Ibadan wanda duk mazaunin cikin birnin Kano ko Zariya zai gane. Gari yana girma ta hanya biyu. Ko dai ya bazu zuwa waje, ko kuma ya riƙa tsagewa daga ciki. Babban gidan gado da a da yake da tsakar gida da fili, idan magada suka yi yawa sai kowa ya yanki rabonsa ya gina, har filin ya ƙare, lungu ya matse, iska da haske su rasa hanya, kwata ta rasa inda za ta bi. Mabogunje bai ɗauki wannan a matsayin laifin mazauna ba. Ya nuna cewa mutane ne ke ƙoƙarin zama kusa da danginsu da kasuwarsu, a garin da hukuma ta bar shi ba hanyoyi, ba magudanai, ba kuma wata kafa ta samun rancen gyara.

A 1970 ya buga wata maƙala kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni wadda masana ƙaura a duniya ke ambato har yanzu. Kafin shi, akan ce talauci ne ke koro mutum daga ƙauye, hasken birni kuma ya jawo shi. Shi sai ya ce lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai iyali da ke yanke shawarar wa zai tafi wa zai zauna, akwai dokar gado da ta rabon gona, akwai ɗan'uwa a birni da zai ba da masauki, sannan akwai labarin da ke komawa gida. Idan ɗan ci-rani ya dawo da keke da rediyo da kuɗin aure, baɗi samari biyar za su bi shi, su sauka a unguwar da ya sauka, su kama sana'ar da ya kama. Haka za ka tarar mutanen ƙauye guda sun mamaye sana'a guda a gari mai nisa. Darasin ga masu mulki a fili yake: ba a tsayar da ƙaura da doka ko kame, sai dai a fahimce ta a yi mata tanadi.

Daga Kainji zuwa Abuja

Mabogunje bai yarda malamin jami'a ya tsaya a allo ba. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, tsakanin 1964 da 1968, ruwan tafkin ya ci garuruwa da ƙauyuka a ƙasar Borgu da Yawuri, ciki har da tsohuwar Bussa, aka tayar da mutum sama da 40,000. Yana cikin masanan da suka bi diddigin halin da waɗannan mutane suka shiga, shi ne kuma ya tace kundin binciken zamantakewa da tattalin arzikin yankin da aka buga a 1973. A can ya ga da idonsa abin da tashi ke yi wa jama'a. Ana iya gina wa mutum sabon ɗaki, amma ba a iya ɗauko masa fadamar da yake noman albasa, ko tsibirin da kakanninsa suka zauna, ko mashigin da ya saba kafa komarsa. Wannan sani ya yi masa amfani bayan 'yan shekaru, a aiki mafi girma.

A watan Agusta 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birnin tarayya. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, kuma a farkon Fabrairu 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala, aka kafa dokar da ta yanke fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, ya koma Suleja. Niyyar farko ita ce a kwashe duk mazauna yankin a mayar da su wani wuri da kuɗin gwamnati, domin sabon birnin ya zama ba na kowa ba, na kowa da kowa. An ɗauka mutanen ba su da yawa.

Mabogunje aka ɗora wa jagorancin ayarin masanan da suka shiga yankin domin nazarin ƙasa da ruwa da tsirrai da cututtuka, da kuma ƙidayar mutane da dukiyoyinsu saboda biyan diyya. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton farko. Yankin cike yake da ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, ga Hausawa da Fulani, kuma yawansu ya ninka abin da aka ƙiyasta. Kuɗin da za a kashe wajen tayar da su duka ya wuce abin da baitulmali zai ɗauka. Sannan ga wata hujja da ba wanda ya yi tunaninta a Legas: akwai ƙudan tsando a dazukan yankin, akwai kuma ɗan baƙin ƙudan nan na bakin rafi mai jawo makanta. Noman da mazauna ke yi, da saran daji, shi ne ke rage wa ƙudan tsando mafaka. Idan aka kwashe mutane aka bar ƙasar kango na shekaru, daji zai rufe, cuta ta yi ƙarfi, a zo gina birni a tarar da wurin ya fi da haɗari.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya manufa. Aka ce waɗanda ginin birnin ya shafa kai tsaye kaɗai za a tayar, sauran su zauna a matsayin 'yan ƙasa a yankin tarayya, wanda kuma ya fi son komawa jiharsa ta asali a taimaka masa. Mabogunje ya ci gaba da ba hukumar raya babban birnin shawara har cikin shekarun 1980, a lokacin da wani kamfanin Amurka ya zana taswirar birnin, Kenzo Tange na Japan kuma ya tsara tsakiyarsa. Gwamnati ta ƙaura daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991.

Adalci ne a faɗi cewa batun 'yan asalin Abuja bai warware ba har yau. Manufar gwamnati ta yi ta juyawa tsakanin a tayar da su da a bar su, diyya ta yi ta jawo ƙorafi, ƙauyuka irin su Garki suka tsinci kansu a tsakiyar birni ba tare da an ba su abin da birni ke da shi ba. Ma'aikatan da ke riƙe da birnin kuwa, direbobi da masu gadi da ƙananan ma'aikata, tsadar haya ta tura su Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, suna asubanci kullum a kan hanya. Rabon da Mabogunje ya bayyana a littafinsa na 1968, tsakanin unguwar da ake yi wa hidima da wadda aka manta, ya sake bayyana a birnin da 'yan ƙasa suka gina da hannunsu. Amma ba don binciken ayarinsa ba, da tashin da aka yi niyya tun farko ya zama ɗaya daga cikin mafi muni a tarihin ƙasar nan.

Bankin da unguwa ta mallaka

A 1980 ya fitar da wani littafi kan ma'anar ci gaba, inda ya yi bayanin cewa ci gaba ba tara gine-gine ba ne, sake tsara dangantakar mutane da ƙasarsu da dukiyarsu ne ta yadda kowane yanki zai iya tsayawa da ƙafarsa. A shekarar ce aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera, ya riƙe ta har 1984. A 1981 ya bar koyarwa a jami'a, ya koma ga aikin ba da shawara da gwada abin da ya daɗe yana rubutawa.

Da gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da raya karkara a 1986, wadda aka fi sani da DFRRI, ƙarƙashin Larry Koinyan, Mabogunje ya zama mataimakin shugabanta. Abin da ya fi damunsa a can shi ne a san su wane ne al'ummomin ƙasar nan, a lissafa su, a ƙarfafa ƙungiyoyin ci gaban da suke da su. Hujjarsa ita ce rijiyar burtsatse ko hanyar da gwamnati ta kawo ba tare da an sa masu gari a ciki ba, ranar da ta lalace ba mai gyarawa, don kowa zai ce ta gwamnati ce. Hukumar ta sha suka kan ayyukan da ba su yi ƙarko ba, kuma sukar tana da tushe. Sai dai daga cikinta ne tunanin bankin al'umma ya fito.

Manyan bankuna ba sa ba talaka rance saboda ba shi da abin jingina. Mabogunje ya ce talaka yana da abin da ya fi takarda a wurin waɗanda suka san shi, wato mutuncinsa. Matan da ke zuba adashi ba sa tambayar juna takardar fili, sanin hali ne ke riƙe da su, kuma da wuya ka ji wadda ta ci ta gudu. To me zai hana a gina banki a kan wannan amana? Bankin ya zama mallakin gari ko unguwa, ƙungiyar ci gaban garin ta riƙe kaso, 'yan gari su sayi hannun jari, a hana mutum ɗaya ya mamaye, kuma a ba da rance bisa shaidar waɗanda suka san mai nema.

Bankin farko irin wannan, Alheri, an buɗe shi ne a Tudun Wadan Kaduna a ƙarshen 1990. Mabogunje ya zama shugaban hukumar kula da bankunan al'umma ta ƙasa a 1991, kuma cikin 'yan shekaru adadinsu ya haura 1,000 a faɗin Nijeriya. Garuruwa da yawa da ba su taɓa ganin reshen banki ba sun samu wurin ajiya da rance a karon farko. Daga baya da yawa sun durƙushe, wasu saboda ƙarancin jari da rashin ƙwararrun ma'aikata, wasu saboda masu hannu da shuni na gari sun mayar da su aljihunsu, wasu kuma guguwar rushewar bankuna ta tsakiyar shekarun 1990 ce ta tafi da su. A ƙarƙashin manufar Babban Banki ta 2005, waɗanda suka rage suka rikiɗa zuwa ƙananan bankunan ba da rance da muke gani yau. Sun rayu, amma da yawansu sun bar hannun al'umma sun koma na 'yan kasuwa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ya so a kauce wa.

Gwajin Ijebu-Ode

Da ya ga yadda shirin gwamnati ke mutuwa da tafiyar gwamnatin da ta kawo shi, sai ya koma garin iyayensa ya gwada wata hanya. A 1999, ta hannun cibiyar nazarin manufofin ci gaba da ya shugabanta a Ibadan, tare da goyon bayan shirin kula da birane na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kira taron gari a Ijebu-Ode. Sarkin garin na lokacin, Awujale Sikiru Adetona, ya tsaya a kan lamarin. Aka tara sarakuna da matan kasuwa da ƙungiyoyin masu sana'a da ƙungiyoyin sa'anni, waɗanda Ijebawa suka shahara da su, da malaman addini da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan garin da suka yi arziki a waje. Tambaya ɗaya aka sa a gaba: talauci ya yi yawa a garin nan, me za mu iya yi da kanmu?

Daga taron aka kafa hukumar rage talauci ta garin, wadda ba ta gwamnati ba ce. Tana koya wa mutane sana'a, ta haɗa su ƙungiya-ƙungiya, ta ba su rance ta hannun ƙungiyar, kowa ya zama mai tsaya wa ɗan'uwansa. Abin da ya fi yin suna shi ne ƙauyen noma na Eriwe, inda aka ba masu kiwon tarwaɗa fili suka haƙa tafkuna, har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kiwon kifi a Nijeriya. Mabogunje ya rubuta sakamakon gwajin a mujallar cibiyar kimiyya ta Amurka a 2007, domin duniya ta ga cewa sarauta da ƙungiyoyin gargajiya, waɗanda wasu masana ke ɗauka cikas ne ga ci gaba, za su iya zama ginshiƙinsa. Mu da muke da gayya da adashi da masu unguwanni da dagatai da kwamitocin masallatai, wannan gwaji ya shafe mu kai tsaye. Kayan aikin da Ijebawa suka yi amfani da su muna da irinsu, sai dai ba mu cika haɗa su wuri guda a kan manufa guda ba.

Yaƙinsa na ƙarshe: takardar fili

A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula ya jagoranci aikin sake fasalin harkar gidaje da bankin ba da lamunin gina gida na tarayya. Nan ma ya ci karo da katangar da ya daɗe yana gani: ba a ba da lamuni sai da takardar mallaka, kuma yawancin 'yan Nijeriya ba su da ita.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Tushenta na komawa ga dokokin filaye na Arewa na 1910 da 1962. An yi ta da niyyar sauƙaƙa wa kowa samun fili da hana 'yan kaɗan tarawa, amma a aikace sai samun takardar shaidar mallaka ya zama tafiya mai tsawo da tsada, kuma sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Ga shi an cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, gyaranta ya zama jan aiki. Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani a gefen biranenmu: mai gona ya yanka gonarsa awon igiya, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya sa hannu, a gina gida ba titi ba magudana ba filin makaranta. Unguwa ta cika, shekaru su wuce, sannan wata rana a ji an shafa jan fenti, ana maganar rusau. Legas ta ga mafi munin irin wannan a Yuli 1990, da aka rushe Maroko aka bar dubban ɗaruruwan mutane ba matsuguni.

A Afrilu 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda gyaran dokar filaye ke cikin ƙudurorinsa bakwai, ya naɗa Mabogunje shugaban kwamitin fasaha kan gyaran harkar filaye. Yana da shekara 77 a lokacin. Kwamitin ya yi ta jan hankali kan cewa filayen da ke da rajista a duk ƙasar ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Shawararsa ita ce a daina jiran kowane mutum ya zo ofis shi kaɗai da kuɗinsa. Hukuma ce za ta shiga unguwa, gida-gida, gona-gona, da hoton sama da na'urar awo, maƙwabta da masu unguwa su shaida iyaka, a kafe sunaye a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya fito, sannan a ba kowa takardarsa a kan kuɗi kaɗan. Jihohi biyu aka zaɓa domin gwaji, Ondo da Kano. Rasuwar 'Yar'aduwa a Mayu 2010 ta rage wa aikin ƙarfi, ƙudurin gyaran dokar da aka aika majalisa bai samu wucewa ba, Mabogunje kuma ya miƙa ragamar kwamitin ga Farfesa Peter Adeniyi. Gwajin ya nuna hanyar tana aiki, amma ba a faɗaɗa ta yadda ya so ba.

Abin da ya bari

Duniya ta karrama shi tun yana raye. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa ta masana a 1980. A 1999 cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta zaɓe shi mamba daga waje. A 2017 aka ba shi kyautar Vautrin Lud a Faransa, wadda ita ce mafi girma a fannin labarin ƙasa. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, aka buga a 2011 lokacin da ya cika shekara 80. Ɗalibansa sun cika sassan labarin ƙasa da tsara birane na jami'o'in ƙasar nan, Kudu da Arewa.

Wani zai iya cewa ya yi aiki da gwamnatocin soja, kuma da yawa daga shirye-shiryen da ya sa hannu ba su kai inda aka nufa ba. Gaskiya ne. Amma ya zaɓi ya shiga ya faɗi abin da bincike ya nuna, maimakon ya tsaya gefe yana kallo, kuma a kowane zaure da ya shiga maganarsa ba ta sauya ba: a ƙirga mutane kafin a yanke musu hukunci, a amince da ƙungiyoyinsu, a ba su hujjar mallakar abin da ke hannunsu.

Biranen Arewa na girma da saurin da ba a taɓa gani ba, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun ƙaru a kan 'yan ci-rani na da. Maiduguri da Gusau da Katsina da Sakkwato da Kaduna duk suna karɓar mutanen da ba su zo da niyyar komawa nan kusa ba. Za a iya ɗaukarsu matsala, a bar su su gina inda suka samu, a zo da katafila bayan shekara ashirin. Za a kuma iya bin hanyar da Mabogunje ya nuna: gwamnoni su yanka filaye masu titi da magudana kafin mutane su iso, a yi wa unguwannin awon igiya rajista a gyara su a inda suke, sarakuna da masu unguwanni su kira taron gari irin na Ijebu-Ode, attajiran kowane gari su zuba jari a asusun da garin ya mallaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a gwada ba a ƙasar nan, kuma babu wanda ya gagara saboda rashin ilimi. Abin da ya rage shi ne shugabannin da za su ɗauka su riƙe, da jama'ar da za ta matsa musu har su yi.